Ranar da Sa Ya Kawo Mini Wuyansa

Shekarun baya, ina jin wajen ƙarshen shekarun tamanin, wannan abu ya faru. An daɗe, don haka wataƙila wani abin ya shige mini.

Gidanmu a Ƙofar Jatau gidan mahauta ne. Duk jajibirin ƙaramar Sallah akan saki sa a fili, gidanmu da wani gida na Tudun Jukun kowa ya fito da mutum ɗaya riƙe da igiya. Wanda ya riga zarga wa san igiya a wuya, gidansu ke da tozo, su ne kuma da baki har shekara ta zagayo. Kakana ya yi jifan igiyar nan, mahaifina ya gada, kuma a iya sanina tozon bai cika barin gidanmu ba.

A shekarar, kafaɗar mahaifina ta goce, yayana kuma yana Legas. Ni ko dawowata ke nan daga bautar ƙasa.

"Kai za ka fita," in ji Baba.

"Baba, ni fa ban taɓa..."

"Digirin ba da hannu ɗaya ka karɓo shi ba? Ɗayan ya riƙe igiya."

Na yi ta gwaji a kan turmin mahaifiyata. Turmin da ba ya motsi ma sai ya kuɓuce mini. Abin da na kama da kyau shi ne butar alwalar Baba.

Ranar, kalangu na tashi, na shiga fili riƙe da igiya. Abokin karawata, wani ƙato, ya dube ni ya ce, "Malam ɗan boko, cire tabaran nan, kada sa ya ara."

Aka saki san. Ya zaga fili a guje, ƙaton ya yi jifa, igiyar ta bugi ƙaho ta zame. Sai san ya tsaya, ya ɗaga hanci, ya nufo ni a hankali. Na so in gudu, ƙafa ta ƙi. Da ya matso na gane shi: san da mahaifiyata ta yi kiwo ne ta sayar wa dillali watannin baya, ni nake ba shi dusa da kanwa in na zo hutu. Ya cusa hanci a aljihun rigata yana neman abin da ya saba. Na sa masa igiya.

Gardama ta kaure. Mutanen Tudun Jukun suka ce, "Wannan ai rataya ce, ina jifan?"

Baba ya ce, "Kakanni cewa suka yi a zarga. Wa ya ce sai daga nesa?"

Sarkin Fawa ya kira ni. "Yaro, igiyar ta bar hannunka kafin ta sauka?"

"Ranka ya daɗe, ina jin ta bari, amma ba zan rantse ba."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wanda ya ƙi rantsuwa a kan tozo, a ba shi tozo."

Mahaifiyata ta dafa tozon, gida ya cika da murna, ni dai na kasa kai shi baki. Har yau in ana lissafa gwanayen jifa na gidanmu sai a sa sunana bayan na Baba, nakan yi shiru, don ban san ko na cancanta ba.

In akwai wanda ya tsaya kusa da ni ranar, don Allah ya gyara mini: igiyar nan ta bar hannuna, ko ba ta bari ba?