Sandar da Baba Makanike Ya Goge

Mun tashi da asuba daga Zariya, ni da wani abokin aikina, a motar haya ta hanyar Funtuwa. Kuyello muka nufa, kuma ba yawon buɗe ido ya kai mu ba. Wata shida da suka wuce na kai wata sandar ƙarfe aka saka a famfon tuƙa-tuƙa na wani ƙauye can, yau zan ɗauko ta in auna yadda ta ci.

Sandar nan ita ce digirina gaba ɗaya. Ƙarfe ne mara tsatsa, irin na cokalin silba, amma gogayya na cinye shi, shi ya sa famfon ƙauyen ke yawan mutuwa, mata su koma rafi. Sai da na yi shekara biyu ina bin layi kafin aka saka mini ita a wata na'ura a ƙasar waje, aka harba ƙwayoyin iskar naitirojin cikin fatarta. Wannan kan sa fatar ta yi tauri, ta rage ci. Sai dai taurin a sama-sama yake, kaurinsa bai kama ƙafar silin gashi ba. Guda ɗaya tak nake da ita.

Hanya kam sai haƙuri. Daga Funtuwa ramuka suka karɓe mu, direba na kauce wa wannan yana faɗawa wancan. Da muka shiga dajin Birnin Gwari hira ta mutu, kowa ya koma salati a ciki, har mai tallan maganin basir da ya ishe mu tun tasha ya kama bakinsa. A mararraba muka ci waina da miyar taushe, wadda ake ba ka uku a kuɗin da bara ake ba ka shida. Ɗan acaban da zai kai mu ƙauyen ma ya ninka kuɗi, wai damina. Muka bi tsakanin gonakin masara da dawa, taɓo har gwiwa, sau biyu muna sauka mu tura. Kafin azahar bayana ya ƙage.

Baba makanike, dattijon da ke kula da famfon, ya tarbe mu da fura mai sanyi. Ya kwance famfon, ya zaro sandar ya miƙo mini. Da na kawo ta, fatarta ta ɗan yi duhu, alamar aikin da aka yi mata ke nan. Yanzu kuwa fes take, sai zane-zanen ci daga sama har ƙasa.

Na ce, "Baba, ina duhun da ke jikinta?"

Ya yi murmushi. "Ai Malam, ranar da ka tafi na sake fito da ita. Ruwan da jama'a za su sha, in bar dauɗa a ciki? Na sa sanfefa da toka, sai da na ga fuskata a jiki."

Innalillahi! Shekara biyu, ya kankare ta da hantsi ɗaya. Wallahi na so in yi ihu, amma da wane baki? A wurinsa duk ƙarfen da zai taɓa ruwan sha sai an goge shi, haka ya gada, kuma gaskiyarsa. Ni ne na tsaya ran nan na yi masa awa guda ina zuba bayani rabi da Turanci, yana gyaɗa kai don kara, ban taɓa cewa kada a goge ba.

Muka saka musu sabuwar sanda ta kasuwa. Muna haramar tafiya wata tsohuwa da bokiti ta tambaye ni ko wannan ce wadda ba ta lalacewa, don ƙafafunta sun gaji da rafi. Na ce mata tukuna, Inna.

Mun iso gida bayan isha'i, jiki duk ciwo, ban ko iya cin abinci ba. Abin da tafiyar ta koya mini ba ya cikin littattafan da na karanta: kafin ka gyara fatar ƙarfe, ka san hannun da zai riƙe shi, ka yi masa magana da harshensa. Sandar tana kan teburina yanzu, tana ƙyalli. Gobe zan sake rubuta takardar shiga layi, ita kuwa Inna, nan da wata huɗu ko biyar, za ta sake ɗaukar bokiti zuwa rafi.