Murja da Yayen Wata Huɗu

Ƙanwata Murja ba ta iya musu ba. Tun muna yara a Nasarawan Doya haka take: a aike ta ta tafi, a cuce ta a rabon gyaɗa ta kalli mutum kawai ta sunkuyar da kai. Ni ce Adama, yayarta, ni kuma Allah ya yi ni da baki, har mahaifiyarmu takan ce na kwashi rabona na haɗa da na Murja. Shekara shida ne tsakaninmu. Duk rigimar da ta taso mata a makaranta ko a bakin rijiya ni nake tare mata, sai ta taso da yardar cewa abin da Yaya ta faɗa shi ne daidai.

Tana da shekara ashirin ta auri Iliyasu, wani manomin rake a Gazara, mutumin kirki wanda shi ma magana ba ta dame shi ba. Nakan tsokane su in ce gidansu in ba don akuya ba sai a rantse ba kowa. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ne sana'arta, kuma ta iya. Ƙulinta siriri ne, ya ji citta da barkono, 'yan acaɓa masu zuwa Maƙarfi ran kasuwa har tsayawa suke yi a ƙofar gida a miƙo musu.

Abu ɗaya ne ya ƙi zuwa, haihuwa. Shekara biyar ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ta sha jiƙe-jiƙe, ta sha rubutu, an kai ta asibiti a Zariya aka ce lafiyarta lau. Kullum za ka gan ta da goyon ɗan maƙwabta a baya tana tuyar ƙuli. Da cikin ya zo, sai da ya kai wata biyar kafin ta yarda ta gaya mini, wai tsoro take ji kada ta faɗa ya gudu.

Ta haifi mace, aka sa mata Samira. Yarinya ɓul-ɓul, mai gashi, mai son dariya. Da yake 'yar fari ce, Murja ba ta kama sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, sai dai ta ce "yarinyar nan". Amma na sha leƙa ɗaki in tarar ta kifa fuska a kan cikin yarinyar tana shinshinarta.

Samira tana da wata huɗu da kwana tara na je musu wuni daga Maƙarfi, inda nake aure nake kuma ɗinkina. Ana suyar gyaɗa a tsakar gida. Sai na ga Murja ta yar da ludayi ta ruga bayan ɗaki tana kakarin amai. Matar da ta shekara shida a cikin ƙamshin gyaɗa! Ta dawo tana goge baki, na kalli idonta, na kalli wuyanta, na fashe da dariya.

Na ce, "Ke Murja, ba dai har kin sake ba? Da kika rasa kika rasa, yanzu kuma ba ko hutu?"

Da ƙarfi na faɗa, don ban iya magana a hankali ba. Surukarta, Inna Halimatu, tana zaune a inuwar rumbu tana gyaran zogale. Ta ajiye faifan.

Inna ba muguwa ba ce, ina so a san wannan. Tana son Murja, ita ce ma ta hana a yi mata gorin haihuwa duk shekarun nan. Amma ta taɓa binne ɗa, Mamuda, wan Iliyasu, kuma har gobe ta yi imani shan ciki ne ya kashe shi. A wurinmu in mace ta yi kwanika, wato ta samu ciki tana shayarwa, cewa ake nonon ya lalace, duk yaron da ya sha zai yi ta zawo har ya ƙare.

Inna ta ce, "Murja, daga yau kar ki ƙara sa mata shi a baki. Na ga abin da ya yi wa nawa, ba zan sake gani a jikata ba."

Murja ta juyo ta kalle ni. Ba za ta iya buɗe baki a gaban suruka ta yi jayayya a kan 'yar fari ba, wannan rashin kunya ne da za a yi ta faɗi har ta tsufa. Jira take Yaya ta tare mata. Ni kuma na ce, "Gaskiyar Inna ce, haka muka taso muka ji."

Kafin la'asar Inna ta jiƙa ɓawon maɗaci ta shafa mata a nono. Samira ta kama sau ɗaya, ta saki, ta tsala ihun da har yanzu ina jin sa a kunnena.

Iliyasu ya sayo madarar jarirai ta gwangwani da fida. Kwana huɗu gwangwanin ya yi. Ya sayo na biyu. Lokacin ƙarshen damina ne, rake bai isa sara ba, rumbu ya kusa kai ƙasa, sai Murja ta shiga rage gari tana ƙara ruwa. Da na biyun ya ƙare aka koma kunun gero. Samira ta ƙi cokali. Inna ta ce a yi mata ɗura, ta kwantar da ita a cinya, ta tara kunun a tafin hannu a bakinta, ta toshe mata hanci. Yarinya ta shaƙe, idanu suka firfito. Murja da ba ta taɓa ƙwace komai a hannun kowa ba ta ƙwace 'yarta ta shige ɗaki. Ba a sake ɗura ba, amma kuma ba abin da yake shiga cikin yarinyar sai ɗan abin da ta lasa.

Kullum sai Murja ta kira ni a waya. "Yaya, tun asuba take kuka. Yaya, nonon ya cika yana yi mini zogi, tana jin ƙamshinsa tana tura kai cikin rigata. Ya zan yi?" Ni kuma in ce ta daure, kowane yaye da kuka ake yin sa.

Ana cikin haka wata rana Murja tana cin dafaffen dankali da yarinyar a cinya, sai Samira ta kai hannu ta damƙi wani yanki ta tura baki. Ta shiga tsotsa, ta yi shiru. Gida ya ɗauki murna. Inna ta ce, "Kun gani ko? Mai wayo ce, ta yaye kanta."

Da labarin ya iso ni sai na tuna wani bidiyo da aka turo mana a zauren matan unguwa na waya. Na hau mota na kai mata har Gazara. Jarirai ne na ƙasar waje a kan 'yan kujeru, an zube musu karas da ayaba da dankali a gaba, suna ɗauka da hannunsu suna ci, fuska duk ta ɓaci. Wata mata tana ta bayani da Turanci. Turancina bai wuce na gaisuwa ba, amma ban ce ban gane ba.

Na ce, "Kin gani? Yanzu haka masu ilimi suke yi. Ba cokali, ba ɗura. Ki ajiye mata kawai, ita za ta ciyar da kanta."

Murja ta kalli bidiyon sau uku. Ta ce, "Yaya, waɗannan kamar sun girme ta. Dubi, suna zama da kansu."

Na ce, "'Ya'yan Turawa ne, girman jiki gare su."

Ta yarda. Kullum sai ta dafa dankali da kabewa ta yanka dogo-dogo kamar yadda ta gani, ta jingina Samira da matasai don ba ta iya zama ba, ta jera mata a faranti. Yarinya ta damƙa, ta kai baki, harshe ya turo shi waje. Rabi a ƙasa, rabi a wuya, wani ta ɗauka daga tabarma ta mayar. Mu muna ganin fuska shaɓe-shaɓe da dankali muna cewa ta ci. Sau biyu ta shaƙe har sai da Murja ta kife ta tana bubbuga bayanta.

A mako na biyu zawo ya fara. Inna ta girgiza kai ta ce ai dama ta riga ta sha cikin kafin a gane, mun makara ne. Aka dafa saiwoyi. Iliyasu ya karɓo magani a kemis. Zawon ya tsaya kwana biyu ya dawo. Cinyoyin nan da muke wasa da su suka saki, awarwaron roba da na saya mata ya riƙa zamewa har gwiwar hannu. Ta daina kai hannu faranti. Daga baya ko kukan ma sai dai ka ga baki ya buɗe.

Ranar da Murja ta ga maɗigar yarinyar ta lotsa, ba ta nemi shawarar kowa ba, har ni. Ta goya ta, ta sa hijabi, ta tare ɗan acaɓa. Da labari ya iso ni, a asibiti a Maƙarfi na same ta, an sa wa Samira ƙarin ruwa ta jijiyar kai don ba a samu ta hannu ba.

Malamar asibitin, wata dattijuwa mai tabarau, ta tambayi me yarinyar take ci. Murja ta faɗa. Ta tambayi me ya hana nono. Murja ta sunkuyar da kai ta ce ciki gare ta.

Malamar ta ce, "To sai me? Wa ya ce miki nonon mai ciki yana kisa? Ki ci ki ƙoshi, ki shayar da abinki. Yaro kafin wata shida ba abin da cikinsa yake buƙata sai nono."

Don in wanke kaina na ciro waya na nuna mata bidiyon. Ta saurara kaɗan, ta miƙo mini. Ta ce, "Hajiya, kin ji abin da matar ta fara faɗa kuwa? Cewa ta yi sai yaro ya cika wata shida, yana zama da kansa, kuma ana ci gaba da ba shi nono."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Murja ba ta ko kalle ni ba. Ta ɗaga hijabi a gaban kowa, ta manta da wata kunyar 'yar fari, ta ciro nono ta sa wa Samira a baki. Kusan wata ɗaya da rabi ke nan rabonta da shi. Yarinyar ta kawar da kai. Murja ta matsa, ba abin da ya fito.

Malamar ta ce wani lokaci yana dawowa in aka dage, ko da yake da ciki abin yana da wuya. Murja ta dage. Duk bayan awa biyu sai ta zauna a bakin gado ta yi ta matsa har fatar ta yi ja. Na kawo mata kunun kanwa a fulas, ta shanye tana yunƙurin amai, ta ce in ƙaro. A rana ta uku ɗigo biyu suka fito, ta tara a cokali, ta shafa a leɓen yarinyar. Tana ta cewa, "Samira, ga shi ya dawo. Ki yi haƙuri, ki sha." Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, har madara ta musamman suka riƙa ba ta ta hanci.

Kwananmu shida. Ranar Talata da hantsi Samira ta cika, saura 'yan kwanaki ta yi wata shida.

Murja ba ta zagi kowa ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta koma Gazara, ta ci gaba da yi wa Inna ladabi, Inna kuma ta tsufa a wata guda. Na je na durƙusa na ce ta yafe mini, ta ce, "Haba Yaya, kwananta ne ya ƙare." Ta koma tuyar ƙuli, ta riƙa zuwa awo ba fashi. Sai dai ta daina kirana a waya.

Da zafin bazara ta haifi namiji lafiyayye, aka kawo ta gida Nasarawan Doya wankan jego, na tare a can don in kula da ita. Ran kwana uku da safe, bayan ta fito wanka, na ji ta kira ni daga ɗaki. Na tarar jaririn ya sha ya ƙoshi yana barci, nono a gefen bakinsa. Ita kuwa tana zaune a bakin gado, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf har zani. Ta tara kwanon sha a ƙarƙashin nonon, yana zuba da kansa ba ta ko taɓa shi ba, ya kusa kai rabin kwanon.

Ta ɗago ta kalle ni. Ta ce, "Yaya, dubi yawansa. Ai da ya ishe su su biyu."