Mai Amsa ta Goma Sha Ɗaya

Na shiga jami'a ina da shekara arba'in da uku, bayan na aurar da 'ya'ya biyu. A ajinmu na aikin jarida a Birnin Kebbi yara Mama suke ce mini, ban hana su ba. Da lokacin binciken kammala karatu ya zo, na zaɓi yadda matan Argungu masu turara shinkafa ke sauraren rediyo. Na san su. Uwata ma cikinsu take.

Malamin da ke duba aikina ya gindaya sharaɗi biyu: ba a rubuta sunan kowa, kuma duk muryar da na ɗauka, da zarar na juye ta a takarda, in goge. Amana ce, in ji shi. Na sa hannu. Ni kuwa in na sa hannu, magana ta ƙare.

Mata goma sha huɗu na ɗauka da wayata. Inna ce ta sha ɗaya. Na same ta bakin tukunya, rediyonta na rataye jikin rumfa, an ɗaure murfin batirin da ƙyalle.

"Inna, wane shiri kinka fi so?"

"Ke da kinka tashi ɗakina, mi kika tambaya?"

"Makaranta ce ke tambaya."

"To gaya ma makaranta sanarwar rasuwa nika saurare. In ji wanda ya riga ni."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Minti arba'in tana magana. Ta zagi mai shirin noma, wai bai taɓa riƙe lauje ba. Ta ba da labarin ranar da rediyo ke gargaɗin ambaliya, ruwan kuwa ya riga ya kai mata gwiwa cikin ɗaki.

Na juye maganarta kai tsaye cikin Turanci, don da shi ake rubuta aikin. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata zan goge. Na danna.

Lokacin cirar albasa Inna ta rasu. Ranar addu'ar bakwai ƙanwata ta matso kusa da ni.

"Yaya, ke da kinka ɗauki muryar Inna, kunna muna."

Matan da ke wurin suka juyo suna jira. Na ce na goge. Ta ce don mi. Na ce haka ƙa'ida take. Ta dube ni, ta tashi ta koma wanke kwanuka.

Na kai wayar wurin mai gyara a kasuwar Birnin Kebbi, ko zai dawo da muryar. Kwana biyu tana hannunsa, ya mayar mini.

"Hajiya, sai haƙuri."

Aikin ya sami maki mai kyau. Malam ya ce mai amsa ta sha ɗaya ta fi kowa kaifi, ya tambaya ko za ta yarda a sake hira da ita. Na ce ba za ta samu dama ba.

Kundin na cikin akwatina. Layi tara ne nata, ba dariya, ba tari, cikin harshen da ba ta taɓa furta kalma ɗaya da shi ba. Wani lokaci nakan buɗe in karanta. Ba na jin komai.