Iro Juya-Baya

Duk wanda ya shiga silimar Madawa a farkon shekarun 1980 ya san taubashina Iro. Mutum ya ɗauki kujera, ya juya wa allo baya! Kallon farko kaɗai yake yi kamar kowa. Daga na biyu sai ya zuba wa 'yan kallo ido.

"Iro, haukar ta iso ke nan?" in ji ni.

"Ke dai, taubashiya! Gaskiyar him ga huskokin mutane take hitowa."

Washegari sai ya buga sharhi, ya aika wa wata jarida a Yamai. Rubutunsa gajere, ga yaji. Kan wani fim ɗin Indiya cewa ya yi: "A allo an sha kuka har an gode Allah. A benci mutum guda ne ya share hawaye, shi ma bisa buhun albasa yake zaune."

A Tamaske mai majigi ya taɓa rikita faifai. Jarumi ya mutu, aka binne shi, sai ga shi ya fito neman aure! Jama'a suka ɗau salati. Iro ya rubuta: "Ban taɓa ganin an gyara fim haka ba. A gaida mai majigi."

Ni kuwa ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ina ɗan taɓa rubutu, ina mutuwar son ya ce rubutuna ya yi, ko sau ɗaya. Ina! Kome na kai masa sai ya bi da jan biro.

"Wai mai ban sha'awa! Wa anka ba sha'awar? Mi kinka gani da idonki? Rubuta shi, ki tashi."

Na rantse ba ni ƙarawa. Na ƙara.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibitin mishan, aka kawo sabon fim na 'yan kareti.

"Tahi ki gano mini," in ji shi.

Na je, kunya kamar ta kashe ni, na juya kujera. Mata suna nuna ni: "Ashe abin na dangi ne!" Na rubuta yadda wani tsohon makiyayi yake kare kansa da sanda duk lokacin da aka kai naushi a allo.

Na karanta wa Iro. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya jawo jan bironsa, ya daɗe yana bin layi, sannan ya miƙo mini biron.

"Babu abin sokewa, ja'ira. Kin ɓata mini rana."

Bai ga damina ba. Allah ya jiƙan Iro, ya haskaka kabarinsa. Ranar da zai ɗaga ido, Allah ya sa fuskoki masu murmushi zai gani.