Tafin Hannun Lonnie Tarver

A garinmu idan aka ambaci Lonnie Tarver, ba wanda zai tuna cewa walda ce sana'arsa, alhali da ita ya ciyar da iyalinsa har ya yi furfura. Hayaƙinsa ake tunawa. A bayan gidansa, ƙarƙashin wata babbar bishiya da muke kira fikan, akwai murhun gashin da ya ƙera da hannunsa tun yana saurayi, daga wani guntun bututun mai da aka yar a daji. Baƙi ne ƙirin, mummuna, ƙafarsa ɗaya ta gaza sauran har sai da aka saka mata bulo. Akwatin wuta a gefe guda, bututun hayaƙi a ɗaya gefen, nama a tsakiya. Wuta ba ta taɓa naman, zafi da hayaƙi ne kawai ke bi ta kansa su wuce, kuma a haka naman ƙirjin saniya ke kwana ya wuni kafin ya nuna.

Murhun ba shi da agogon auna zafi. Lonnie ya ce agogo na masu gashi da littafi ne. Shi dai sai ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin, ya yi jim, ya ɗauke, ya ce a ƙaro ice ɗaya ko a rage iska. Maza nawa suka gwada kwaikwayonsa suka yi tsalle suna yarfe hannu, shi kuwa ko murmushi ba ya yi musu.

Kada in yi muku ƙarya, Lonnie ba mutum ne mai daɗin zama ba. Ba ya hira, ba ya zuwa coci sai jana'iza, kuma 'yarsa ɗaya tilo, Renita, ta girma ba ta taɓa jin ya yaba mata a kan komai ba. Matarsa Odessa ce ke jawo mutane gidan, da ta rasu sai ƙafa ta ɗauke. Amma duk watan Yuni, ranar taron dangi, sai ka ga motoci daga Houston da Dallas sun cika layin. Mata su shige kicin, maza kuwa kaf su zagaye murhun nan, ana zuba ƙarya ana dariya, Lonnie a tsakiya yana ba da umarni da haɓa. Shi ke yanka naman, gishiri da masoro kawai, ya zuba wa kowa a takarda da farin burodi da albasa. Wanda ya nemi a ba shi miyar tumatir ya zuba a kai, to ya zagi mai gida. Rana ɗaya ce a shekara da duniya ke zuwa wurin Lonnie, kuma ya san murhun ne ke kawo ta.

Sai ciwon suga ya shigo. Ya fara da yatsun ƙafa, ya ji kamar kullum yana sanye da safa. Daga baya ya hau hannu. Ya ɗauki kofin shayi bai san da zafi ba sai ya kai baki. Bai gaya wa kowa ba, don a ganinsa namiji ba ya kai ƙarar jikinsa.

Taron bara ne ya tona shi. Ya yi ta ɗora hannu a murfi, hannun yana ce masa da saura, shi kuma yana ta ƙara ice. Naman ya fito a bushe, baƙi har ciki, ana tauna kamar ana tauna takalmi. Aka yi ta miƙa kwalbar miya ta ƙarƙashin tebur, ana cewa ai bana ma an sha daɗi. Renita ce ta lura da wuƙar tana zamewa a hannunsa. Ta kama hannun ta juya, ta ga tafin ya saɓule, ja wur, ruwa na tsattsafowa. Shi ma sai a lokacin ya gani. Ya tsaya yana kallonsa kamar hannun wani ne.

Ciwon ya ƙi warkewa, kamar yadda ciwon mai suga ya saba. Kafin sanyi ya shigo an cire masa yatsu biyu, likita kuma ya faɗa masa a fili cewa ƙuna ta gaba da hannun za ta tafi. Renita, wadda ke tuƙa motar 'yan makaranta kuma ta gado zafin kan ubanta tsaf, ba ta tsaya shawara ba. Ta sayo sarƙa da kwaɗo ta ɗaure murfin murhun, ta jefa mabuɗin a jakarta. Allah Sarki, mutumin da ya yi rayuwarsa yana yanka ƙarfe, ga shi da sarƙar da da can yanke ta ba zai ɗauke shi lokacin shan ruwa ba, amma hannun riƙe abin yankan babu. Ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarta.

Da bazara ta kawo kai, Renita ta same shi a baranda ta ce zaɓi biyu ne. Ko su je ya zaɓi irin sabon murhun nan da jikinsa ba ya zafi, ko kuma bana a yi odar nama daga shagon bakin titi, kowa ya ci ya tafi. Ya ce a yi odar mana. Ta ce to. Washegari da safe ta tarar da shi zaune a cikin motarta, ya sa hular fita.

Mijinta Dwight ne ya tuƙa su birni. Dwight ma'aikacin ofis ne, mai sanyin hali, irin mutanen da ba ka samun abin zaginsu, abin da ya sa Lonnie bai taɓa ƙaunarsa ba ke nan. A shagon, mai shagon, wani mutum mai fara'a, ya tarbe su ya shiga nuna musu kaya. Ya nuna na lantarki, Lonnie ya ce shi ba gasa burodi ya zo yi ba. Ya nuna mai cin ƙwayoyin garin katako, Lonnie ya ce wannan abincin zomo ne, ba ya ba wa wuta abincin zomo. Can a lungu ya hango wani irin nasa, na ƙarfe mai kauri, da akwatin wuta a gefe. Ƙafafunsa suka kai shi da kansu. Ya duba waldar, ya ga mai aikin ya san hannunsa, ya buɗe murfin ya rufe don ya ji nauyinsa. Renita ta tsaya tana kallon gurbin yatsunsa, har ya saki.

A ƙofar baya aka ajiye wanda suka zo dominsa, an kunna shi don masu saye su gani. Dogo ne, mai ƙofa, an shafa masa jan fenti yana sheƙi. Mai shagon ya ce bangonsa biyu ne, an cusa wata irin auduga da ba ta cin wuta a tsakani, kamar fulas ɗin shayi. Gawayi yake ci da 'yan guntayen ice. In ka cika shi ka rufe, ko ana ruwa ko ana iska zafinsa ba ya motsi, ba ruwanka da gadi.

"Taɓa ka ji, yallaɓai," in ji shi. "Akwai wuta a ciki yanzu haka."

Lonnie ya ɗaga hannu ya ɗora a jikin abin. Bai ji komai ba. To amma ai ko a garwashi ya ɗora ba zai ji komai ba, kuma su uku a wurin sun san haka, mai shagon ne kaɗai bai sani ba. Ya ɗauke hannun a hankali ya juya tafin ya duba ko ya ƙone. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko a gadon asibiti. Renita ta matso ta ɗora nata kusa da inda ya ɗora, ta bar shi ya daɗe.

"Sanyi ƙalau, Baba," ta ce.

Ya ce a ɗauko shi. Ko launi bai zaɓa ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa: mai shagon ya yi tallar wata 'yar fanka da ake maƙala wa murhun, tana hura wutar da kanta tana aika wa wayar mutum labarin zafi, Lonnie ya ce in aka shigo masa da ita gida zai taka ta da mota. A jikin ƙofar akwai agogon zafi, ya ce wannan ya ishe shi. Ya haƙura da abin da ya yi shekaru yana zagi, a ransa yana cewa in dai shi ne zai karanta agogon ya buɗe iska ya rufe, to har yanzu wutarsa ce.

Abin da bai gaya musu ba shi ne sugan ya fara taɓa ido. Ranar da suka yi gwaji da kaji, ya tsaya gaban agogon ya ƙura masa ido, ya matsa, ya ja baya, ya goge gilashin da gefen riga. Allurar da lambobin duk sun narke sun zama hazo guda. Ya daɗe a tsaye kafin ya kira Dwight ya ce ya zo ya ga wani abu, wai ko agogon nan na da matsala. Dwight ya duba ya faɗi lambar, ya ce, "Lafiyarsa lau, Mista Lonnie." Bai gaya wa matarsa a gabansa ba. Da ma ya yi masa dariya, da Lonnie ya samu wanda zai zaga ya huce. Kafin kajin su nuna ya kira shi ya duba masa agogon ya fi a ƙirga. Da mako ya zagayo Dwight ya zo da fankar a leda, ya durƙusa ya maƙala ta. Lonnie yana zaune yana kallo, bai ce a cire ba.

Ranar taro motoci suka cika layi kamar kullum. Harlan, ɗan baffan Lonnie, wanda tun suna yara ba ya raga masa, ya zagaya jan murhun ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa ya ce, "Lonnie, firij ka saya mana ko akwatin gawa?" Aka yi dariya, Lonnie ya ji daɗin tsokanar har cikin ransa, ya gyara zama yana jiran a ci gaba. Amma me za a tsaya yi? Ba icen da za a miƙo, ba wutar da za a yi gardama a kanta, hayaƙin ma ɗan siriri ne da kyar ake ganinsa. Ga rana ta watan Yuni tana dukan ƙeya. Ɗaya bayan ɗaya mazan suka sulale falo inda na'urar sanyi ke aiki ana kallon ƙwallo. Harlan ne ya fi daɗewa, shi ma daga baya ya ce bari ya shiga ya sha ruwa.

Lonnie ya zauna shi kaɗai a kujerarsa, tsakanin sabon murhun da tsohon mai sarƙa. Fankar ta yi ɗan kuka ta yi shiru, ta sake yi. Can wayar Dwight ta yi ƙara a falo, ya fito da sauri da tire, ya tambayi surukinsa cikin ladabi ko a sauke naman. Lonnie ya ce a sauke. Yankan ma Dwight ne ya yi, a kicin, don Renita ta hana uban riƙe wuƙa.

Ita ta kawo masa nasa a takarda, ta tsaya a kansa tana goge hannu a siket. Naman ya yi baƙin ɓawo a waje, ciki yana naso, yanka ɗaya da ya ɗaga sai da ya lanƙwashe a kan yatsansa don laushi. Ya sa a baki. Harshensa dai suga bai taɓa shi ba. Ya tauna a hankali yana neman aibi, ko ɗaci, ko bushewa a gefe, ko inda hayaƙi bai ratsa ba, wani abu komai ƙanƙantarsa da zai nuna an yi rashin hannunsa. Ya ƙara yanka na biyu daga ɗaya gefen. Babu.

"Yaya, Baba?"

Ya haɗiye. Ya ce, "Ya fi nawa."

Baiwar Allah, ta ɗauka albishir ne. Idonta ya kawo ruwa don murna, ta ruga ciki ta gaya wa mijinta abin da Baba ya faɗa da bakinsa. Yana zaune ya ji falon ya kaure da shewa da tafi, ana kiran sunan Dwight. Sannan wani ya turo ƙofar ya rufe, kada sanyin ɗakin ya fita.