Ɗan Kunne Ɗaya na Inna Hajo

Duk wanda ya san Baba Ilu, ƙanen mahaifina, a Gangara, ya san ba a miƙa mashi ƙwarya ya kai baki haka nan. Ko fura ce sai ya juya ta, ya karkata, ya leƙa gindin ƙwaryar, wai ko Allah ya sa a dace. Wallahi har ruwan alwala bai tsira ba!

Alkawari ne ya ja mashi. Ranar da matarsa Inna Hajo ta tare, ya ce sai ta sa 'yan kunnen zinariya, kuma da hannunsa zai haƙo. Shi ke nan, kowane rani sai ya saɓi ƙwarya da ɗan tandunsa na tara garin zinariya, ya nufi tsofaffin ramukan da Nasara suka bari can ƙasar Zamfara. Ba ya dawowa sai kowa ya gama shuka.

Wata shekara mahaifina ya tsare shi.

"Ilu, Nasara da injinsa ya ga ba riba ya tattara, sai kai da ƙwarya? Ga gonarka ta zama wurin kiwon awaki!"

"Yaya, tuwon Nasara ya cinye. Ƙanzon ya bar mani."

"To ina ƙanzon?"

"Yana jiƙa."

Shekarar da muka samu 'yancin kai, jandarma suka tare shi a bakin iyaka. Ɗaya ya buɗe tandun, ya zaci garin taba ne, ya kai hanci, sai atishawa. Wahalar rani biyu ta bi iska! Baba Ilu ya ari tsintsiya, ya share ƙofar buro, wato ofishinsu, tas, ya zauna yana wanke ƙasar a ƙwarya. Kwana uku, jama'a! Da ya gama ya dubi jandarman ya ce, "Ranka shi daɗe, saura gashin bakinka." An ce sai da aka wanke.

Da gwiwa ta ƙi shiga rami, ya kai tandun wurin maƙeri a Agiye. Maƙeri ya narka, ya girgiza kai. "Baba, ɗan kunne ɗaya zai fito. Shi ma ɗan mitsitsi."

Ranar kaɗai na ga Baba Ilu ya sha fura bai juya ta ba. Ya miƙa wa Inna Hajo ɗan kunnen, kansa a ƙasa.

"Ke, rabin alkawari na kawo."

Ta juyo mashi kunnen dama. "Malam, dama da kunne ɗaya nake sauraronka. Sa mani a nan."

Ba ta taɓa cire shi ba sai da masu wanka suka cire mata. Yau in samari sun tambaye ni ko tsohon rami na da amfani ga mai ƙaramin ƙarfi, nakan ce ya ci mana gona sukutum, ya ba mu ɗan kunne ɗaya, kuma har gobe ban san wa ya cuci wani ba.

Ni dai har yanzu in na ɗauki ƙwaryar fura, sai in ji hannuna ya juya ta da kansa. Allah ya ji ƙan Baba Ilu, ya haɗa shi da Inna Hajo a Aljanna, ya cika mata ɗayan kunnen. Amin.