Malama Ina-Saura Ta Ajiye Jan Biro

Kullum da hantsi, kafin shayinta ya huce, Malama ta riga ta baje takardu a kan teburin cin abinci, tabarau a bisa hanci, jan biro a hannu. Maigidanta ya daɗe da haƙura, a kan cinya yake karyawa. "Ni da teburin nan sai kallo," in ji shi.

Aikinta ba mai ganga ba ne. Idan likita ya gwada magani ya rubuta sakamako, editan mujalla kan cire sunansa ya aika wa masana su tace kafin a buga. Ba su san shi ba, bai san su ba. Malama, masaniyar haɗa magunguna, tana cikin masu tacewar, kuma tambayarta guda ce, har ta zame mata suna a ofis: Ina-Saura.

Wata shekara aka aiko mata rubutu a kan wani maganin hawan jini. Sakamakon ya yi kyau ƙwarai, sai dai waɗanda aka fara gwajin da su sun fi waɗanda aka ƙare da su yawa. Ta rubuta a gefe: "Ina sauran?"

Edita ya kira ta. "Malama, a sassauta wa marubucin mana. Ƙarin girmansa na rataye a wannan takarda."

"Wallahi ina tausayinsa," ta ce. "Amma masu haɗiyar ƙwayar ba sa nan, ni ce bakinsu."

Bayan shekaru, a wani taron likitoci, marubucin ya miƙe ya ba da labarin da bakinsa. Ya ce har Allah ya isa ya ja wa mai tacewar, sannan ya bi marasa lafiyar da suka ɓace daga gwajin gida-gida. Ya tarar da wani tsohon tela da jiri ya kayar a kan keken ɗinkinsa, allura ta huda masa yatsa, ya daina shan maganin bai gaya wa kowa ba. Sauran ma duk tsofaffi ne. Ƙarin girman ya wuce shi a shekarar, amma takardar ta fito da gargaɗin a rage wa tsofaffi yawan maganin.

"Mahaifiyata ma rabin ƙwaya take sha yanzu," ya ce. "Ko wane ne mai tacewar nan, ya yafe mini."

Malama na kujerar baya. Ta cire tabarau ta yi ta gogewa da gefen mayafi.

Ke ce rariya, Malama, mai raba gari da tsakuwa. Yau ido ya gaji, kin ajiye biro, maigida ya samu teburinsa. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma da za a miƙa wa takarda gobe, kafin ku sa hannu, ku tambayi sauran.

Telan nan yana kan kekensa har yau, Malama, kuma bai taɓa jin labarinki ba.